Ranar da Nelio Ya Binne Mu

Nelio ya ce zai zo ya ɗauke ni da hantsi, saboda haka na zauna na karanta abin da zan karanta, na ci abincin rana, na ɗan kishingiɗa. A tsibirinmu na Porto Santo idan mutum ya ce maka yana hanya, nufinsa ya tuna da kai. Rana ta take tsaka har ta ɗan gota kafin na ji hon ɗin tasinsa a ƙofar gida.

Nelio ɗan Zulmira ne, yayar marigayiya matata Lidia. Ya haura shekara hamsin, ga tumbi, ga fara'a, direban tasi ne a tsibirin da za ka iya ƙure shi kafin sigari ɗaya ya cinye. Uwarsa na zaune a kujerar gaba, ta ɗaure kai da baƙin kallabi, ta leƙo ta taga.

"Farfesa, za ka fito ko sai an aiko maka da 'yan rakiya?"

"Barka da rana, Dona Zulmira. Na ga har yanzu kina nan."

"Ina nan daram. Sai na ga bayanka."

Ni ba farfesa ba ne. Ma'aikacin ɗakin karatu ne ni a birnin Funchal har na yi ritaya. Ita ta laƙaba mini sunan tun ranar da na zo neman auren ƙanwarta da littafi a aljihun kwat, kuma ba don yabo ta yi ba. Shekara arba'in da ɗoriya muna wannan gaisuwar. Da Lidia na da rai ita ke shiga tsakani. Da ta tafi sai muka rasa mai raba mu, muka ci gaba.

Abin da ya haɗa mu mota ɗaya ranar nan sanyin ƙashi ne. Ita ƙugu, ni gwiwoyi da kafaɗu. Kowa a nan ya san maganin: a haƙa maka rami a busasshen rairayi lokacin da rana ta gasa shi, a rufe ka har wuya, zafin ya zuƙe sanyin. Kakanninmu sun yi, likitoci sun yi dariya, daga baya likitocin suka fara turo marasa lafiyarsu. Ni ban yarda ba, ban kuma ƙi ba. Tun da aka binne Lidia duk wanda ya tambaye ni ya jiki, amsata ɗaya ce: jira nake. Sai na ce to, ko ba komai na yi gwajin kwanciyar.

Zulmira ta ƙi a tsaya kusa da otal-otal, inda baƙi ke shimfiɗe suna gasa kansu kamar tsire. Ta ce ba za a binne ta wani Bajamushe yana ɗaukarta hoto ba. Nelio ya kai mu can ƙarshen gaɓa, wajen duwatsu, inda rairayin ya tsuke kuma babu kowa sai ƙadangaru.

"Nelio," na ce, "jiya sabon wata ya tsaya. Yau teku zai cika fiye da kullum."

Ya nuna mini da ɗan yatsan ƙafa wani layi na busasshiyar ciyawar teku. "Kawu, ruwa bai taɓa wuce nan ba."

"Tun yaushe?"

"Tun makon jiya nake lura."

"Ka rabu da shi," in ji Zulmira. "A littafi ya gani. Shi da bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba."

Na bar shi ya ɗauko shebur. Mutumin da ya ce jira yake ba shi da bakin yin gardama a kan inda za a haƙa masa rami.

Nelio ya haƙa biyu, kusa da juna, ƙafafu na fuskantar teku. Ya fara kwantar da uwarsa cikin doguwar rigarta ta wanka, ya rufe ta, ya bar mata hannun dama a waje don ta ja carbi. Da ya zo kaina sai ta ce, "Ka zurfafa nasa. Sanyin nasa har zuciya ya kai." Yaron kirki ne, yana jin maganar uwa. Ya zurfafa, ya rufe ni har da hannuwana duka biyu saboda kafaɗun, ya tula mini rairayi a ƙirji, ya bi da bayan shebur yana daddannawa kamar mai yaɓen daɓe. Ya ɗora mini malafa, ya kafa laima tsakanin kawunanmu, ya zauna a kan bokitin da ya kife yana shan gahawa.

Sai in faɗi gaskiya, da daɗi. Zafin ya shiga gwiwoyina a hankali kamar hannun mai tausa. Rairayinmu laushi gare shi kamar garin masara, launinsa ma haka. Daga inda kaina yake ba na ganin komai sai tudun cikina, bayansa teku shuɗi shar, bayansa sama. Wata iska mai ƙanshin gishiri tana wucewa ta ƙarƙashin malafar. Zulmira na ƙunƙunin addu'a. Na ji barci na neman sace ni, abin da ya daɗe bai yi da rana ba, da dare ma sai da roƙo.

Tsuntsaye ne suka fara. Can nesa, wajen tsohuwar gadar jiragen ruwa, suka taru suna kuka suna faɗawa ruwa kamar ana jifa da duwatsu. Sai wata murya ta taso daga can, wata ta karɓa, wata ta ƙara karɓa.

"Kifi! Kifi sun hau gaɓa!"

Wanda ba ɗan nan ba ba zai san abin da wannan kira yake yi wa mutanenmu ba. Wani sa'in manyan kifayen nan da ake kira tuna sukan biyo garken ƙananan kifi, su matse su har bakin gaɓa, ƙananan su rasa wurin gudu su yi ta tsalle suna faɗowa kan rairayi. Ba kowace shekara ba. Mutum yakan yi yaro ya yi gemu bai gani ba sai sau biyu ko uku. Idan ta faru, mai aski yakan bar mutum da rabin kai, limamin coci yakan taƙaita huɗuba.

Nelio ya miƙe. Kofin ya faɗi. Ya ɗauki bokitin, ya waiwayo ya dube mu da idon da bai gan mu ba.

"Mama, Kawu, yanzu zan dawo."

"Nelio!" na ce.

"Ka cika shi, ka ji!" Zulmira ta bi shi da ihu. "Kada ka bari 'ya'yan maƙwabcinmu Melim su kwashe!"

Tun yana ɗan yaro na san Nelio, ban taɓa ganin yana gudu ba sai ran nan. Tumbin na gaba, shi yana biye.

Muka saura mu biyu, kawuna biyu a ƙarƙashin laima ɗaya.

"Kin ji abin da ya ce?" na tambaye ta. "Yanzu zai dawo."

"To, me?"

"Rufin ɗakin girkina ma yanzu ya ce zai dawo ya gyara. Lidia na da rai lokacin."

"Kai dai ba ka iya ganin mutane suna murna."

Na mai da idona kan layin ciyawar. Igiyar ruwa ta zo ta tsaya nesa da shi, ta koma. Wata ta zo ta matso. Na ci gaba da kallo kamar yadda ake kallon baƙon kare a ƙofar gida. Wata babba ta zo ta ɗauki ciyawar gaba ɗaya, layin da Nelio ya yi mako guda yana lura da shi, ta tafi da ita.

Na gwada ɗaga hannu. Kamar an ɗora mini buhunan siminti. Na gwada gwiwa, gwiwar ta tuna mini dalilin zuwana.

"Dona Zulmira, ki fara tona kanki."

"Lokaci bai yi ba. Idan aka fita da wuri sanyin komawa yake."

"Dubi gabanki."

Ta duba. Carbin ya tsaya. Ta ajiye shi a kan ƙirjinta ta fara yaƙushin rairayi da yatsun nan nata da suka lanƙwashe kamar saiwar citta. Duk abin da ta ture sai rabinsa ya gangaro ya koma.

Ruwan farko da ya iso ƙafafuna ta ƙarƙashi ya zo. Ban gan shi ba, sai dai na ji sanyi ya lasa mini dugadugai. Rairayin da ya jiƙe ya ƙara nauyi, ya kama ni kamar hannu. An ce ruwa ya ƙare wa ɗan kada, mu namu yawa ya yi.

Na karanta masu hikima da yawa a kan mutuwa. Wani ya ce idan tana nan ba ka nan, idan kana nan ba ta nan, don haka babu abin tsoro. Na sha maimaita wannan a gidajen makoki, mutane suna gyaɗa kai don su rabu da ni. Ina shaida muku cewa wanda ya rubuta haka a kan kujera ya rubuta, a busasshen ɗaki, hannuwansa biyu a waje.

Na buɗe baki na kurma ihu. "Jama'a! Ku taimaka! Nelio!"

Zulmira ta juyo da kai iyakar yadda wuyanta ya yarda. "A'a, Farfesa! Ashe kana da murya? Ba kai ne mai jira ba? Ga shi an zo."

"Ba wannan nake jira ba!"

"Wanne kake jira? Mai kujera da gahawa?"

"Ki yi ihu, tsohuwar banza, ki bar surutu!"

Ta yi. Muka yi tare. Can wajen gada ina hango mutane ƙanana kamar tururuwa, suna shiga ruwa suna fita. Ko sun ji mu, ban sani ba. Ko da sun ji, na san amsar: ana zuwa. A tsibirin nan idan ka ce gobara, sai an tambaye ka gidan wa.

Igiya ta gaba ta haye tudun ƙafafunmu, ta bi ta tsakaninmu da kumfa, ta kwashe gindin laimar. Laimar ta yi tangaɗi ta kife a gefenmu, daidai ɓangaren gada. Yanzu ko mai neman mu ba zai ga komai ba sai wata tsohuwar laima da iska ta yar. Ruwan ya taɓa mini haɓa, ya ja da baya, ya bar mini gishiri a leɓe.

Zulmira ta daina tsokana. Ta kai ga tone kafaɗarta ɗaya, numfashinta na fita da ƙyar.

"Abilio," ta ce. Rabon da ta kira sunana tun a coci ranar ɗaurin aure. "Idan na riga ka, ka gaya wa Nelio ban yi fushi ba."

"Ni na yi. Kuma da bakina zan gaya masa. Ci gaba da tona."

Sai kukan tsuntsayen ya ƙaru. Na ɗaga ido. Sun baro gada, suna biyo gaɓa, suna nufo mu. A ƙarƙashinsu teku ya canza launi, wani baƙin tabo mai faɗin fili yana tafiya, gefensa na tafasa. Garken ne. Tuna sun koro shi wajen duwatsu.

Na rayu shekara saba'in da wani abu a bakin wannan teku, amma daga sama nake kallonsa, daga taga, daga kan littafi. Ban taɓa ganinsa daga ƙasa ba, ido daidai da ruwa. Igiya ta taso a gabana, rana ta ratsa ta, sai na ga cikinta cike da kifi, dubbai, suna walƙiya kamar an watsa cokulan azurfa a cikin koren gilashi. A bayansu wani abu baƙi mai girman ɗan maraƙi ya keta ruwan, ya yi sama gaba ɗayansa, ya juya cikinsa fari, ya faɗo da ƙara. Wani ya biyo shi. Tsuntsaye na zubowa ta ko'ina. Na ji wani yana ihu yana cewa, "Dubi! Dubi wancan! Kai! Kai!" Sai da Zulmira ta ce in rufe baki kada ruwa ya shiga na gane ni ne.

Igiyar ta fashe a kanmu. Malafata ta tafi. Na rufe ido, na riƙe numfashi, na ji abubuwa masu santsi suna marin kumatuna ta kowane gefe. Da ruwan ya janye na buɗe ido ina tari. Tudun jikina da na Zulmira sun yi wa ruwan shinge, tsakaninmu ya zama ɗan kwatami, kuma kwatamin cike yake da kifi, suna tsalle, suna fantsama mana rairayi a fuska. Ɗaya ya kwanta a gefen hancina yana kallona da ido ɗaya. Halinmu ɗaya da shi, sai dai shi ruwa yake roƙo.

A nan ne dabara ta zo mini, kuma ba daga littafi ba.

"Zulmira! Kama ɗaya! Babba! Ɗaga shi sama da laimar!"

"Ka haukace?"

"Ba za su zo don mu ba. Ɗaga!"

Ta gane. 'Yar masunta ce, hannun ya tuna abin da ƙugu ya manta. Ta cafki ɗaya ta wutsiya, ta miƙa hannu sama iyakar ƙarfinta tana kaɗawa. Ni kuma, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ce wa mutane su yi shiru ana karatu, na cika ƙirji gwargwadon yadda rairayi ya bari.

"Kifi! Ga su nan wajen duwatsu! Sun fi na can! Kifi a ƙasa, babu mai ɗiba!"

Ban gama rufe baki ba na ji ƙasa na rawa a bayan kaina. Tsibirin da ba ya sauri ya taho a guje: mata da kwanduna, mai gidan burodi da farin gari har gwiwar hannu, 'yan makaranta, wani ɗan sanda ya cire hularsa ya mai da ita kwarya. Wata Baturiya ce ta fara zagayo laimar, ta sunkuya za ta ɗauki kifi, ta ga kai a ƙasa yana kallonta.

"Barka da yamma," na ce.

Ihun da ta yi ya fi nawa.

Nelio ya iso yana haki, bokiti a cike, riga a cike. Ya tsaya a kanmu. Na ga fuskarsa lokacin da ya tuna yana da uwa.

"Mama! Kawu! Wayyo Allah! Ai da kun kira ni!"

"Tona, ɗan nema!" in ji Zulmira.

Ya durƙusa. Sai idonsa ya faɗa kan kwatamin da ke tsakaninmu. Na ga yana kokawa da zuciyarsa, na kuma ga wanda ke yin nasara.

"Kawu, don Allah kada ka motsa tukuna. Kai ne ke tare su. Bari igiya ɗaya ta ƙara zuwa."

Uwarsa ta kwaɗa masa kifin da ke hannunta a kunne. Wannan ya warware gardamar. Shebur ya riga ya bi ruwa, don haka da hannu aka tone mu, da faranti, da murfin tukunya. Mutum wajen goma suka taru a kanmu, kowa na tona da hannu ɗaya yana cusa kifi a aljihu da ɗayan. Igiya ta sake rufe ni ana cikin aikin, mai gidan burodi ya riƙe mini kai sama ta gashi, ɗan abin da ya rage. Aka zaro Zulmira tana zagin kowa da sunan uwarsa. Aka kama ni ta hammata aka ja, rairayin ya sake ni da wani sauti kamar an cire toshiyar kwalba.

Suka ajiye ni a busasshen wuri, wani ya yafa mini tawul, suka juya suka koma ruwa. Babu wanda ya tsaya jin bayani. Na zauna ina rawar sanyi, ina shirya kalmomin da zan gaya wa Nelio, kalmomi masu kyau, waɗanda zai kai kabari yana tunawa.

Amma garken bai tafi ba. Yana nan a gabana, ruwa na tafasa, yara na ihu, ɗan sandan ya faɗi zaune yana dariya. Wata igiya ta zubar da kifi kusa da ƙafata, suka fara zamewa za su koma. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ware tawul ɗin na jefa a kansu, na tattaro, na bi na gaba har ruwa ya kai mini cinya.

"Hagu, Farfesa!" Zulmira ke ihu daga kan dutsen da aka zaunar da ita, kallabi ya tafi, farin gashi a tsaye. "Hagunka! Kai, wannan mutum ko kifi a faranti sai ya kuɓuce masa!"

"Ki zo ki kama da kanki!"

"Da ƙugun wa? Bayanka! Ga wani taro nan bayanka!"

Na juya, igiya ta doke ni a ƙirji, na tashi da tawul a cike yana motsi kamar mai rai. Na fito da shi a rungume, na zube mata a gaba. Ta tona da yatsa, ta taɓe baki.

"Ƙanana ka zaɓo."

"Su suka fi daɗin suya."

"Wa zai soya maka? Kai da ko ƙwai ƙonawa kake."

"Akwai tafarnuwa a gidana, da man zaitun mai kyau."

Ta dube ni sama da ƙasa, tsoho jiƙaƙƙe da rairayi har cikin kunne.

"Kaskonka fa? Na Lidia, babban nan?"

"Yana nan inda ta rataye shi."

"To ka wanke shi da kyau, na san ƙura ta cinye shi. Nelio! Bar kifin nan haka, kawo mota!"

Daga cikin ruwa, ba tare da ya waiwayo ba, Nelio ya ɗaga hannu alamar ya ji. Na shimfiɗa tawul ɗin a gefen dutsen, na ce ta tsare mini waɗannan, na karɓi kwando a hannun wata yarinya na koma.